Ido a kan firinta daga nesa: abin da na gani bayan wata takwas ina amfani da OctoPrint a Yamai

Na sayi firintar 3D ne domin ƙananan ayyukan da nake yi a gida bayan na tashi daga ofis, irin su maɓallin murhun gas da ya karye, da akwatin da ke kare na'urar sola daga ƙura, da hatimin buga suna a jikin sabulu wanda matan unguwarmu ta Lazare masu haɗa sabulu suke yawan nema. Ga wanda bai taɓa ganin irin wannan na'ura ba, ita ba takarda take bugawa ba. Zaren roba take ja daga kwarkwaronsa, ta narkar da shi a zafin da ya kai digiri 200, sa'an nan ta riƙa shimfiɗa shi siriri bisa siriri a kan faranti mai ɗumi har abin ya tashi tsaye, kamar yadda magini yake ɗora tubali. Tawa Ender 3 ce, wadda faɗin farantinta santimita 22 ne ta kowane gefe, kuma da yake kaurin kowane shimfiɗi bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, aiki mai ɗan girma yakan ci awa goma ko fiye. Babu magidancin da zai zauna gaban na'ura na tsawon wannan lokaci yana kallonta.

Abin da ya tilasta mini neman mafita ya faru ne a cikin hunturu. Wani malamin makaranta ya nemi in yi masa taswirar Nijar mai nuna tudu da kwari, domin ɗalibansa su shafa da hannu su ji bambancin duwatsun Ayar da filin Tenere. Na kunna aikin bayan sallar asuba na fita. Da na dawo da la'asar, sai na tarar taswirar ta ɓamɓaro daga farantin tun wajen awa ta uku, ita kuwa na'urar da ba ta da ido ta ci gaba da zuba narkakkiyar roba a iska har tsawon yini, ta tara wani ƙudundune mai kama da taliyar da aka kifar a tire, wani ɓangarensa ma ya naɗe bakin na'urar ya daskare a kai. Kusan sulusin kwarkwaro ya tafi a banza, alhali zaren nan ba a kowane shago ake samunsa a garin nan ba, sai an yi saƙo an jira. Daga ranar na mai da uwargida mai gadi, ina kiranta sau uku ko huɗu a yini ina cewa ta leƙa ta gani. Amsarta kullum ɗaya ce: «Tana tafiya, Malam.» Gaskiya take faɗa, sai dai ranar taliya ma tafiya na'urar take yi. A nan na yarda cewa gani ya kori ji.

Abin da na haɗa kashi uku ne. Na farko ƙaramar kwamfutar nan ce mai girman katin banki da ake ƙerawa a Birtaniya, wato Raspberry Pi, ni kuma samfurin 3B+ na samu, wanda ya fito a 2018. Na biyu manhajar OctoPrint ce, wadda wata Bajamushiya mai suna Gina Häußge ta fara rubutawa a 2012, kuma har yau kyauta ce, masu amfani da ita ne suke tallafa wa aikin da gudummawarsu. Aikinta shi ne ta karɓi ragamar firintar ta igiyar USB, ta ba ka shafi a burauza inda za ka ɗora aiki, ka ga zafin baki da na faranti, ka dakatar ko ka soke. Na uku kuwa, wanda shi ne ainihin abin da nake son yin magana a kansa, wata ƙaramar manhaja ce mai suna mjpg-streamer, wadda take ɗebo hoto daga kyamarar da ka jona ta watsa shi a kan wifin gida domin OctoPrint ta nuna shi a shafinta. Ba sai ka girka su ɗaya bayan ɗaya ba, domin akwai ƙunshi guda mai suna OctoPi da ya tattara su duka.

Girkawar ba ta ba ni wahala ba, saboda haka ba zan daɗe a kanta ba. Ana sauke Raspberry Pi Imager a kwamfuta, a zaɓi OctoPi daga rukunin manhajojin buga 3D, a rubuta sunan wifi da kalmar sirrinsa tun a nan, sa'an nan a zuba komai a katin memori. Da na saka katin na kunna, bayan ƴan mintuna na rubuta octopi.local a burauza, shafin ya buɗe, ya nemi in kafa sunan shiga da kalmar sirri. Abin da ya fi cin lokaci shi ne sauke ƙunshin, wanda ɗaruruwan mega ne, shi ya sa na bari sai tsakar dare lokacin da intanet ya fi sakin jiki.

Kyamara ce ta fara koya mini hankali. Ta farko na saye ta ne a wani shago a Babbar Kasuwa, marar suna a jiki, kwalinta cike da alkawuran da ba ta iya cikawa. Na jona ta, shafin ya nuna baƙin allo kawai. Kwana biyu ina zargin manhaja kafin na gane inda gizo yake saƙar. Kyamarori na kirki suna matse kowane hoto da kansu zuwa tsarin JPEG kafin su miƙa shi, aikin mjpg-streamer kuwa shi ne kawai ta karɓa ta tura gaba, shi ya sa ba ta gajiyar da ƙaramar kwamfutar. Ita wannan tawa ɗanyen hoto take fitarwa, wanda ake kira YUYV, sai an ƙara umarnin -y a fayil ɗin octopi.txt kafin ta yi aiki, kuma idan an yi haka nauyin matse hotunan ya koma kan Raspberry Pi. Hoton ya fito, amma kwamfutar ta ɗau zafi kamar dutsen guga, alhali ita ce ke aika wa firintar umarni layi bayan layi, kuma duk wani jinkiri da ta yi yana iya barin tabo a jikin abin da ake bugawa. Araha ba ta ado. Na cire ta na sayi Logitech C270, wadda masu irin wannan aiki suka daɗe da sani, ita kuwa ina jona ta hoton ya bayyana ba tare da na taɓa komai ba.

Akwai abu ɗaya game da C270 da ya kamata mai saye ya sani. An yi ta ne domin fuskar mutumin da ke zaune gaban kwamfuta, idonta a kafe yake, ba ya gyara kansa, saboda haka duk abin da ya matso ƙasa da kamu ɗaya dishi-dishi yake fita. Wasu sukan kwance murfinta su murɗa zoben idon da hannu har ya dace da kusa. Ni ban yi ƙarfin halin haka ba. Na ja ta baya kaɗan, na buga mata maƙali da firintar kanta, na ɗaure shi a ƙafar teburi ta yadda idonta ya yi daidai da saman faranti. Wannan tsayin ya fi komai muhimmanci. Idan kyamara tana kallo daga sama, kan na'urar ne zai riƙa tare maka gani, kuma ba za ka lura da lokacin da kusurwar aiki ta fara ɗagowa ba. Idan kuwa daga gefe take kallo, siririn inuwar da ke shiga tsakanin roba da faranti tana bayyana tun da wuri, wannan inuwar kuma ita ce farkon kowace ɓarna da na taɓa gani. Da dare sai an sa fitila, domin kyamarar ba ta gani a duhu. Ƙaramar fitilar LED ta wadatar.

Yanzu ga batun da ya fi shafar aljihunmu. OctoPi tana zuwa ne da saitin hoto mai girman 640 sau 480, hotuna goma a kowace daƙiƙa. Da farko raina shi na yi, na ɗaga shi zuwa 1280 sau 720, iyakar ƙarfin kyamarar, ina jin daɗin yadda nake ganin kowane layi. A cikin gida babu laifi, tunda hoton yana yawo ne tsakanin akwatin wifi da wayata bai fita waje ba. Matsalar tana tasowa ne ranar da ka fara kallo daga ofis. Tsarin MJPEG, wanda mjpg-streamer ke watsa hoto da shi, ba irin bidiyon YouTube ba ne da ke aika bambancin da ke tsakanin hoto da mai bi masa kawai. Shi cikakken hoto yake aikawa kowane lokaci, ko da babu abin da ya motsa. Na auna hoto ɗaya a ƙaramin saitin na ga yana kai kimanin kilobait 40. Idan ka ninka da goma, sa'an nan ka ninka da daƙiƙoƙi 3600, za ka ga awa ɗaya ta kallo ta haura giga ɗaya, kuma kuɗin sau biyu ake biya, akwatin gida yana aikawa da nasa mega, wayarka tana karɓa da nata. Wanda yake sayen mega da lissafi ya san wannan ba hanya ba ce.

Maganin yana cikin manhajar tun asali. Adireshin da ke ƙarewa da action=stream shi ne mai gudana ba tsayawa, wanda ke ƙarewa da action=snapshot kuwa hoto ɗaya tak yake kawowa duk lokacin da ka nema. Na mayar da saitin zuwa 640 sau 480, na rage shi zuwa hotuna biyar a daƙiƙa, kuma idan ina waje hoto ɗaya-ɗaya nake duba, sau ɗaya a kowane rabin awa. A yini guda ban cika cin mega biyu ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: ba ka bukatar ka ƙirga layuka kafin ka gane aiki yana zaune a inda ka bar shi ko ya tashi.

Samun hanyar shiga daga waje shi ne wurin da na fi ɓata lokaci. Shawarar da za ka fara cin karo da ita ita ce ka buɗe ƙofa a akwatin wifinka domin a iso ga Raspberry Pi kai tsaye daga intanet. Wannan ba ya ma yiwuwa ga mafi yawanmu da akwatinmu da katin waya yake aiki, domin kamfanonin waya sukan tara masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya, babu ta inda saƙo daga waje zai gane gidanka. Ko da zai yiwu, mai OctoPrint da kanta ta sha yin gargaɗi a kan haka, kuma a 2018 masu binciken tsaro sun gano dubban firintoci a duniya da aka bari a buɗe, kowa yana iya shiga ya kunna na'urar da ke zafin digiri 200 a ɗakin wani. Na yi amfani da Tailscale, wata manhaja mai tsarin kyauta ga amfanin mutum ɗaya, wadda ake sa wa a Raspberry Pi da kuma waya, ta haɗa su ta ɓoyayyiyar hanya kamar suna ɗaki ɗaya. Tun da na sa ta ban sake taɓa saitinta ba. Akwai kuma ƙarin manhaja da ke aiko da hoto ta Telegram a lokutan da ka ƙayyade, wadda ta dace da wanda ba ya son ya riƙa tunawa da dubawa.

Wani abu da ban yi tunaninsa ba uwargida ce ta tuna mini. A makon farko kyamarar tana fuskantar ƙofar ɗakin, ƙofar kuma tana kallon tsakar gida. Wata rana da yamma ina nuna mata hoton a wayata cikin alfahari, sai ga ƙanwarta ta gifta a bayan firintar da tulu, ba lulluɓi. Ta karɓi wayar ta duba da kyau, ta ce: «Malam, wannan idon naka firinta yake tsaro ko mu?» Ban sami amsa ba. Na juya teburin ya fuskanci bango, na kafa farin kwali a bayansa, wanda ya ma ƙara wa hoton haske. Da na bincika na gane maganarta ta fi yadda ta zata nauyi, domin kalmar sirrin OctoPrint shafin sarrafawa take karewa, amma adireshin kyamarar a buɗe yake ga duk wanda ke kan wifin gidan. Mu kuwa a nan kalmar sirrin wifi ba ta ɓuya ga maƙwabci da ɗan'uwa da baƙon da ya zo gaisuwa.

Sai batun wuta, wanda duk mazaunin Yamai ya san halinsa a watannin Afrilu da Mayu. Ender 3 tana iya ci gaba daga inda ta tsaya idan wuta ta dawo, amma wannan yana aiki ne kawai idan daga katin memorinta take karanta aikin. Idan OctoPrint ce ke aika mata umarni ta USB, aka ɗauke wuta, aikin ya mutu ke nan, domin babu wanda ya rubuta inda aka kwana. Na yi asarar aikin awa bakwai kafin na gane haka, kuma babu wanda zan zarga sai rashin karatuna. Yanzu dogon aiki a katin firintar nake zuba shi da hannuna, tunda turawa ta USB tana da jinkiri ƙwarai, sa'an nan in tada shi daga shafin OctoPrint, wanda yake nuna fayilolin katin kuma yake barin in soke idan na ga dama. Raspberry Pi da akwatin wifi kuwa na ɗora su a kan ƙaramin batir mai riƙe wuta, irin wanda ake sa wa kwamfutar ofis, domin yanke wuta ba zato yana lalata katin memori.

Zafi da caja ƙananan abubuwa ne masu ɓata rai. Samfurin 3B+ yana rage gudunsa da kansa da zarar ya kai digiri 60, abin da ba shi da wuyar faruwa a ɗaki mai rufin kwano a cikin bazara, shi ya sa na sa masa ƙaramar fanka. Yana kuma bukatar caja mai ƙarfin amfiya biyu da rabi. Da na gwada ta tsohuwar wayata, OctoPrint ta fito da alamar walƙiya a saman shafi tana gargaɗin ƙarancin wuta, kyamarar kuma ta riƙa ɗaukewa. Wannan gargaɗin yana cikin abubuwan da na yaba. Ƙurar hunturu kuwa tana sauka a idon kyamara kamar yadda take sauka a faranti, duka biyun sai an goge kafin kowane aiki.

Ranar da kayan nan suka biya kuɗinsu ina cikin taro ne a unguwar Filato. Na bar akwatin sola mai cin awa tara yana tafiya. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na zaro waya ƙarƙashin teburi na nemi hoto, sai na ga siririn baƙin layi a ƙarƙashin kusurwar hagu, wanda babu shi a hoton da ya gabata. Na jira minti goma na sake nema, layin ya yi kauri, har ana iya ganin farin kwalin baya ta ƙarƙashinsa. Na buɗe shafin na danna soke, na kuma tsaya ina kallon layin zafin baki yana gangarowa daga 200 zuwa ƙasa. Abin da na rasa a ranar roba ce da ba ta kai nauyin ƙwai ɗaya ba. A nan ne na gane cewa darajar wannan haɗin ba a kyamarar take ba, a maɓallin sokewar take. Kafin in sayi Raspberry Pi na gwada jingine tsohuwar wayar Android da manhajar IP Webcam, hoton ma ya fi na C270 kyau, amma ranar da na ga ɓarna ta fara ina nesa babu abin da na iya sai kiran gida, uwargida kuwa ta tafi kasuwa. Na zauna ina kallon zare yana zuba har ta dawo. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Batirin wayar ma ya kumbura bayan ƴan makonni a jone cikin zafi. Duk da haka, ga mai firintar takarda da yake so kawai ya ga ko takarda ta ƙare ko ta maƙale, kuma akwai wanda zai kira a gida, tsohuwar waya ta ishe shi, kada ya kashe kuɗinsa a kan Raspberry Pi.

Akwai iyakar da bai kamata a ɓoye ba. Maɓallin sokewa umarni yake aikawa, ba ya cire na'urar daga soket, saboda haka idan matsalar daga wayoyin wuta ne ko allon cikinta, kyamara za ta nuna maka hayaƙi ne kawai. Har yau ba na barin aiki yana tafiya idan babu babban mutum a gida, kuma na nuna wa kowa makunnin da zai kashe. Haka nan manhajar ba ta kallo a madadinka. Akwai wata hidima mai suna Obico, wadda a da ake kira The Spaghetti Detective, da ke duba hotunan da kanta ta yi maka ƙararrawa idan ta ga alamar taliya, amma da yake sai ta riƙa aika hotuna waje a kai a kai, lissafin megana bai ba ni damar zama da ita ba. Wanda yake da intanet marar iyaka a gida zai iya gwadawa.

Ga mai firintar 3D da ayyukansa ke wuce awa uku ko huɗu kuma yake fita nema, ina ba da shawarar OctoPi da C270 ba tare da shakka ba, da sharaɗin ya sayi caja ta gaskiya da fanka tun ranar farko, ya bar hoton a ƙaramin saitinsa, kada kuma ya sayi Raspberry Pi Zero W na farko don arha, domin masu OctoPrint da kansu sun ce ƙarfinsa bai kai ba, musamman idan aka haɗa da kyamara. Taswirar malamin nan na sake buga ta a watan jiya, ta ci awa goma sha ɗaya, na duba ta sau goma sha tara daga ofis, ya kuma zo da kansa a kan babur ya karɓa ranar Asabar.